Haƙƙin Ɗan Waƙafi Na Samun Magani: Darasi Daga Kotunan Amurka

Mutumin da ke sake, idan ciwo ya kama shi da tsakar dare, yana da dabaru iri-iri. Ya iya tada maƙwabci, ya iya aika yaro kantin magani, in abin ya yi tsanani a nemo mota a kai shi asibiti. Wanda aka kulle a ɗaki kuwa, dabararsa ɗaya ce tak, watau ya buga ƙofa ya kira mai gadi. In mai gadin ya zo, madalla. In ya yi kunnen uwar shegu, shi ke nan, babu wata ƙofa ta biyu. A kan wannan ne aka gina dukan shari'o'in da za mu duba a wannan darasi. Hukumar da ta kulle mutum ta raba shi da hanyar nema wa kansa magani, saboda haka nauyin ya koma wuyanta.

Ƙasar da aka fi fafatawa a kotu a kan wannan batu ita ce Amurka, don haka can za mu fi daɗewa, kana mu waiwayo gida mu ga abin da dokokinmu suka tanada.

Waƙafi da kurkuku

Tun farko ya kamata mai karatu ya rarrabe abubuwa biyu. A Amurka, kurkuku na jiha ko na tarayya ne, kuma nan ake kai wanda aka riga aka yanke wa hukuncin ɗauri mai tsawo. Gidan waƙafi kuwa na gunduma ne ko na birni, nan ake ajiye wanda aka kama jiya ko shekaranjiya, da wanda ya kasa biyan beli, da mai ɗaurin 'yan watanni. Akwai irin waɗannan gidaje wajen 3,000 a faɗin ƙasar. Bisa lissafin Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, a shekarar 2019 an shigar da mutane gidajen waƙafi fiye da sau miliyan 10, kuma wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke ciki ba a same su da laifi ba tukuna. A wannan shekara mutum 1,200 suka mutu a ciki, kusan kashi 40 cikin 100 daga cikinsu ba su wuce mako ɗaya a tsare ba.

Dalilin da ya sa makon farko ya fi haɗari ba ɓoyayye ba ne. Ana kama mutum ne yadda aka same shi. Mai ciwon sukari ya bar allurarsa a gida, mai farfaɗiya ya bar ƙwayoyinsa, mai taɓin hankali ba wanda ya san tarihinsa. Wanda ya daɗe yana shan giya, idan aka yanke masa ita farat ɗaya, jikinsa na iya ɗaukar makyarkyata da jijjiga har ya kai ga mutuwa cikin 'yan kwanaki, alhali mai gadi yana zaton iskanci ne kawai.

Dokar 1871

Makamin da ake kai ƙara da shi tsoho ne ƙwarai. Bayan yaƙin basasar Amurka, a shekarar 1871, majalisar ƙasar ta kafa doka domin kare bayin da aka 'yanta daga zaluncin ƙungiyar nan ta Ku Klux Klan da jami'an jihohin kudu masu ɗaure mata gindi. Wani yanki na dokar, wanda a yau ake kira Sashe na 1983, ya ba kowane mutum ikon ya kai ƙarar jami'in jiha ko na gunduma a kotun tarayya, muddin jami'in ya yi amfani da muƙaminsa ya tauye masa wani haƙƙi da tsarin mulki ya ba shi. Kada lambar ta ruɗi mai karatu, lambar sashe ce, ba shekara ba.

Dokar ta yi kusan shekara 90 kamar tana barci, kuma fursunoni ba su ci moriyarta ba. A 1871 ɗin nan ma wata kotun jihar Virginia ta kwatanta fursuna da bawan hukuma, kuma shekara da shekaru alƙalai suna ganin abin da ke faruwa bayan katanga ruwan yari ne da ganduroba. Sai a 1964 Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofa, a ƙarar wani fursuna Musulmi na jihar Illinois wanda aka hana shi sayen littattafan addininsa. Kotu ta ce lalle a saurari ƙararsa a ƙarƙashin Sashe na 1983. Daga nan ƙararraki suka fara kwarara.

Dilar auduga

Ran 9 ga Nuwamba 1973, wani fursuna a jihar Texas mai suna J. W. Gamble yana sauke kaya daga mota sai wata dilar auduga, mai nauyin kilo wajen 270, ta faɗo masa. Ya ci gaba da aiki har awa huɗu kafin bayansa ya riƙe, aka ba shi izinin zuwa asibitin kurkuku. Likita ya ce tsokar baya ce ta gurɗe, ya ba shi maganin ciwo da hutu. Ya kuma ba da umurni a sauko da shi daga gadon sama zuwa na ƙasa, amma ba a yi ba. Wata rana aka rubuta masa magani, ma'aikata suka ɓatar da takardar, ya yi kwana huɗu bai samu ba. A farkon Disamba likita ya ce ya iya yin aiki mara nauyi. Gamble ya ce ciwo ba zai bar shi ba, sai aka ɗauke shi mai taurin kai aka ware shi, daga baya aka jefa shi ɗakin horo shi kaɗai. A can ciwon ƙirji ya taso masa, ga hawan jini, ya roƙi ganin likita, masu gadi suka hana shi har kwana biyu. Ran 11 ga Fabrairu 1974 ya sa hannu a takardar ƙara mai shafi 24 da ya rubuta da hannunsa, ba lauya.

Ƙarar ta kai Kotun Ƙoli, inda aka san ta da sunan shari'ar Estelle da Gamble, don W. J. Estelle ne shugaban gidajen kurkukun Texas a lokacin. Ran 30 ga Nuwamba 1976 aka yanke hukunci, alƙalai takwas a gefe ɗaya, ɗaya ya saɓa. Mai Shari'a Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zauna a wannan kotu, shi ya rubuta. Ya dogara da Gyara na 8 na tsarin mulkin Amurka, wanda tun 1791 ya haramta horo na rashin imani. Ya ce tun da fursuna ba shi da wanda zai dogara da shi sai masu tsaronsa, to kau da kai da gangan daga babbar larurar lafiyarsa azaba ce wadda ba ta cikin hukuncin da alƙali ya yanke masa. Laifin na iya zama na likita, na iya zama na mai gadin da ya hana ganin likita ko ya jinkirta shi da gayya, ko ya ƙi bin abin da likita ya rubuta.

To, abin mamaki, Gamble kansa bai ci nasara ba. Kotu ta ƙirga ta ga ma'aikatan asibiti sun duba shi sau 17 cikin wata uku. Ya yi kukan ba a ɗauki hoton ƙashin bayansa ba, kotu ta ce wannan shawara ce ta likita, in ma kuskure ne, to kuskuren aiki ne, a kai shi kotun jiha kamar yadda kowa ke kai ƙarar likita. Aka mai da sauran ƙarar, wadda ta shafi shugabannin kurkuku, zuwa kotun ɗaukaka ƙara, ita ma ta yi watsi da ita. Ya buɗe wa dubban mutane hanya, shi kuwa ya tashi hannu rabbana.

Abubuwa biyu ke nan mai ƙara zai tabbatar. Na farko, cewa larurar babba ce, watau wadda likita ya ce tana bukatar magani, ko wadda ko jahili ya gani ya san tana bukatar likita. Na biyu, cewa an kau da kai da gangan. Wannan na biyun shi ne ƙashin wuya. A 1994, a shari'ar Farmer da Brennan, Kotun Ƙoli ta ƙara ɗaure shi tamau, ta ce bai isa a nuna cewa ya kamata jami'i ya san da haɗarin ba, sai an nuna ya sani a ransa, sa'an nan ya yi biris. Kotu ta ɗan sassauta, ta ce in haɗarin a fili yake ƙuru-ƙuru, ana iya ɗauka cewa jami'in ya sani. Duk da haka, mu lura da inda wannan ma'auni ya karkata: mai gadin da bai damu ya leƙa ɗaki ba ya fi wanda ya leƙa samun mafita a kotu. A ganinmu wannan babban rauni ne a dokar.

Wanda ba a yanke wa hukunci ba fa?

Gamble fursuna ne da aka riga aka ɗaure. Ɗan waƙafi matsayinsa dabam ne, domin a idon doka ba shi da laifi. A 1979, a shari'ar Bell da Wolfish, wadda ta taso daga wani gidan waƙafi na tarayya a birnin New York, Kotun Ƙoli ta ce ana iya tsare mutum don ya halarci shari'arsa, amma ba a da ikon hore shi ko kaɗan kafin a same shi da laifi. Saboda haka kariyarsa tana fitowa ne daga ƙa'idar bin hanyar shari'a, wadda ga jihohi da gundumomi tana cikin Gyara na 14 na 1868. A 1983 kuma, a ƙarar da wani asibitin Boston ya kai birnin Revere kan kuɗin jinyar wani da ɗan sanda ya harba wajen kamu, kotu ta ce wajibi ne hukuma ta ga an yi wa wanda ke hannunta magani, kuma haƙƙinsa bai gaza na fursuna ba. Batun wanda zai biya kuɗin asibiti kuwa, ta bar wa dokar jiha.

Shekaru da yawa ƙananan kotuna suka ɗauki “bai gaza ba” tamkar “daidai yake”, suna auna ɗan waƙafi da mudun fursuna. Sai a 2015 wata shari'a daga jihar Wisconsin, Kingsley da Hendrickson, ta girgiza wannan. Wani ɗan waƙafi ya ƙi cire takardar da aka liƙa a fitilar ɗakinsa, masu gadi suka sa masa ankwa, suka ɗana masa bindigar lantarki. Alƙalai biyar cikin tara suka ce ba sai ya tono abin da ke zuciyar masu gadin ba, ya isa ya nuna cewa mai hankali ba zai yi abin da suka yi ba a wannan hali.

Hukuncin kan duka ne, bai ambaci magani ba, sai lauyoyi suka ce ai dalilin ɗaya ne. Gwaji ya zo a wata shari'a mai ban tausayi daga gundumar Lake ta jihar Illinois. Wata mata 'yar ƙasar Indiya aka aika wa sammaci ta zo aikin taya alƙali sauraron shari'a, aikin da ma doka ba ta yarda baƙo ya yi ba. Ba ta je ba, aka je kama ta, magana ta yi ta girma har ta kai ta waƙafi a Disamba 2011. Can ta ƙi ci ta ƙi sha har kwana 15, ma'aikatan lafiya na kamfanin da ke da kwangilar gidan suna auna ta suna rubutawa, tana ramewa a gabansu. Da aka kai ta asibiti lokaci ya ƙure, ta rasu a farkon Janairu 2012. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Shikago ta ce a sake shari'ar likitocin, ta kuma ce daga yanzu ɗan waƙafi a shiyyarta ma'aunin Kingsley za a yi masa. Kotunan da ke New York da San Francisco sun bi wannan hanya, amma waɗanda ke New Orleans da Denver suka tsaya kan tsohon ma'auni. Sakamakon haka, 'yan waƙafi biyu masu ciwo iri ɗaya, ɗaya a Illinois ɗaya a Texas, aka wayi gari ba da mudu ɗaya ake auna musu ba, alhali tsarin mulkinsu ɗaya.

Wa za a kai ƙara?

Mai gadi da nas ba su da dukiyar biyan diyyar rai, kuma sau da yawa ba su suka tsara aikin ba. Tun 1978, bayan shari'ar Monell, ana iya kai ƙarar birni ko gunduma kanta, amma ba don kawai ma'aikacinta ya yi laifi ba. Sai an nuna cewa ɓarnar ta fito daga tsarin hukumar ko al'adar da ta zauna a cikinta, alal misali barin gida mai ɗaruruwan mutane ba nas da dare, ko ƙa'idar cewa ba a kiran motar asibiti sai da izinin wani babba da ke barci a gidansa. Jami'ai kuma suna da wata rigar kariya, ba a cin su diyya sai in haƙƙin da suka taka an riga an fayyace shi sarai a hukuncin baya.

Gundumomi da yawa sun ba kamfanoni kwangilar kiwon lafiyar 'yan tsare. A 1988 Kotun Ƙoli ta ce likitan kwangila da ke duba fursunoni aikin hukuma yake yi, don haka Sashe na 1983 ya hau kansa. Amma kwangila takan zo da nata aibin. Idan kuɗin da aka biya kamfani ƙayyadadde ne, kowace tafiya asibitin waje ragi ce daga ribarsa. Biyu daga cikin manyan kamfanonin, Corizon a 2023 da Wellpath a 2024, sun nemi kariyar kotun karayar arziki, abin da ya tsai da ƙararrakin da ke kansu na wani lokaci.

Har wa yau akwai dokar da majalisa ta kafa a 1996 don rage yawan ƙararrakin fursunoni. Ta wajabta wa wanda ke tsare ya bi duk matakan koke na cikin gida kafin ya je kotu, kuma a 2006 Kotun Ƙoli ta ce har da kiyaye wa'adin kowane mataki. Mutumin da ke kwance cikin zazzaɓi, in wa'adin cika takardar koke ya wuce shi, ƙararsa na iya mutuwa ba a ko duba ciwon ba. Dokar ta kuma sa talakan fursuna ya biya kuɗin shigar da ƙara kaɗan-kaɗan, ta rage ladan lauyoyi. Ba ta shafi wanda aka riga aka saki ba, ko magadan wanda ya mutu.

Duk da waɗannan shingaye, inda aka haɗa ƙara ɗaya a madadin dukan fursunoni an ga aiki. A Kalifoniya, kurkukun da aka gina don mutum wajen 80,000 sun ɗauki kusan ninki biyu. Alƙalin tarayya ya gano cewa kowane kwana shida ko bakwai fursuna ɗaya na mutuwa saboda lalacewar sashen lafiya, sai ya ƙwace sashen daga hannun jiha ya naɗa masa kantoma. A 2011, a shari'ar Brown da Plata, Kotun Ƙoli ta tabbatar da umurnin a rage cunkoso zuwa kashi 137.5 cikin 100 na abin da aka gina gidajen dominsa.

A nan gida

Batun ya shafe mu kai tsaye, domin shekara da shekaru wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali na Nijeriya masu jiran shari'a ne. Hanyar da dokarmu ta bi ta ɗan bambanta. Tsarin Mulki na 1999 ya yi maganar samar da asibitoci a Babi na 2, amma wannan babi ba a kai ƙara da shi. Abin da ake riƙewa shi ne Sashe na 34 a Babi na 4, wanda ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, da Sashe na 33 na haƙƙin rayuwa, da kuma Sashe na 16 na Yarjejeniyar Afirka Kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda Nijeriya ta mai da ita dokar ƙasa a 1983. Wannan sashe ya ambaci lafiya da sunanta.

An gwada waɗannan. A 1998 Hukumar Afirka da ke Banjul ta sami gwamnatin soja ta lokacin da saɓa Sashe na 16 saboda hana Ken Saro-Wiwa ganin likita yana tsare. A 2004 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta saurari wasu masu jiran shari'a da ke ɗauke da cutar ƙanjamau, ta ce ci gaba da tsare su ba magani azabtarwa ne, ta ba da umurni a kai su asibitin gwamnati. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta ba wanda aka tsare ikon neman likitan da ya zaɓa ya duba shi bayan an yi masa tambayoyi. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta ɗora wa majistare ziyarar ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Ƙa'idojin Nelson Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun ce a yi wa ɗan tsare magani kyauta daidai da na mutanen gari, likita ya duba shi da zarar an shigo da shi, kuma ma'aikacin da ba na lafiya ba kada ya soke abin da likita ya yanke.

Wani darasi da shari'o'in Amurka suka koyar yana da amfani ga iyalin duk wanda ke tsare a nan. Shari'a takan tsaya ne a kan tambaya ɗaya: wa aka gaya wa, yaushe, me ya yi? Faɗa da baki a bakin ƙofa iska ke ɗauka. Idan ɗan'uwanku yana da ciwon da ke bukatar magani kullum, ku kai katin asibitinsa da takardar likita, ku rubuta wa shugaban ofishin 'yan sanda ko na gidan gyaran hali wasiƙa mai kwanan wata, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ku rubuta ranar kowace ziyara da halin da kuka same shi. Ku sa lauya ya faɗa wa alƙali a zaman kotu don ya shiga littafin shari'a, domin rashin lafiya mai tsanani yana cikin abubuwan da kotu ke dubawa wajen beli. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995.

Sashe na 46 na Tsarin Mulki ya ce ana kai irin wannan ƙara Babbar Kotu a jihar da abin ya faru, kuma ba sai ɓarna ta auku ba, ko alamarta aka gani ana iya zuwa. Ƙa'idojin da Babban Jojin Nijeriya ya fitar a 2009 sun sauƙaƙa hanyar fiye da ta Amurka ta wasu fuskoki. Ba a korar ƙara don wai mai kawo ta ba shi abin ya shafa ba, babu wa'adin da in ya wuce ƙofa ta rufe, kuma idan mai haƙƙin yana kulle ba ya iya zuwa ya yi rantsuwa, matarsa ko ɗan'uwansa ko duk wanda ya san maganar ya iya rantsewa a madadinsa.